Gargaɗi kan wani da ke ɗaura wayar gyaran haƙora ba tare da sanin aikin ba

Albashina na wata biyu cur na ba mutumin nan, kuma duk lokacin da na tuna yadda na miƙa masa kafin alƙalami da hannuna, har ina yi masa godiya, sai kunya ta rufe ni. Ni ba mai saurin yarda da mutane ba ne. Na duba hotunan da ya sa a shafinsa, na karanta yabon da aka yi masa, sannan na taka da ƙafata na ga kujerar aiki da fitila da farar riga. Wa zai ga wannan ya kawo damfara a ransa?

Ranar farko ce ta fi ci mini rai. Bai yi minti biyar yana duba bakina ba ya ce, "Malam, naka mai sauƙi ne, wata 4 ya isa." Bai ɗauki hoton muƙamuƙi ba, wato hoton X-ray da ke nuna ƙashi da saiwar haƙora, bai taɓa dasashina ba, alhali na gaya masa ina ganin jini idan na goge baki. Da bakina na tambaye shi batun hoton, ya ce ɓarnar kuɗi ce, ni kuma na ji daɗi, na ɗauka tausayina yake ji.

Sai da na je wurin likitan haƙori na gaske na fahimci abin da aka yi mini. Ya bayyana mini cewa tsakanin saiwar haƙori da ƙashi akwai wasu siraran zaruruwa da ke riƙe da shi, kuma idan waya ta matsa haƙorin a hankali, ƙashin da ke gabansa yana narkewa kaɗan-kaɗan, sabo yana ginuwa a bayansa. Shi ya sa aikin yakan ɗauki shekara 1 zuwa 3, ana komawa kusan duk mako 4 zuwa 8, kuma ko an cire wayar sai an ci gaba da sa abin da zai hana haƙoran komawa inda suka fito. Matsin da ya wuce kima yana cinye saiwa, kuma abin da ya cinye ba ya dawowa. Mai ciwon dasashi kuwa, ba a ma fara masa sai an yi maganinsa tukuna.

Kafin wannan, a wata na biyu, ɗaya daga cikin ƙananan ƙarafan da aka manna a haƙorana don riƙe wayar ya ɓalle, mutumin nan ya sake manna shi, a ranar ya karɓi ragowar kuɗin. Da na koka da ciwo ya ce alamar aiki na tafiya ce. Rasit kuwa kullum sai gobe. Albashin wata biyu, babu ko takarda ɗaya! Na ajiye saƙonninmu da shaidar tura kuɗin, zan sa hotunansu da zarar na rufe sunan asusuna.

Duk wanda zai ɗaura muku waya, ku nemi lambar rajistarsa ku tabbatar a hukumar da ke ba likitocin haƙori lasisi, ku tambayi ko ya yi ƙarin karatun daidaita haƙora, kuma kada ku bari a manna muku komai babu hoto.

Yanzu mutumin nan ya toshe lambata, an cire wayar, haƙorana biyu na gaba suna motsi idan na taɓa su da harshe, kuma likita ya ce sai dasashin ya warke kafin mu san ko za su tsaya.