Sharhi kan fanel ɗin da muka sa aka haɗa wa injin casar shinkafa

A bara ne muka ba wani ƙaramin kamfani da ke haɗa fanel na lantarki a Kano aikin haɗa mana akwatin sarrafa injinan casar shinkafarmu, kuma bayan watanni ana aiki da shi, ina ganin lokaci ya yi da zan faɗi ra'ayina, musamman a kan batun da masu saye ba kasafai suke tambaya ba, wato ƙarfin wutar da fanel zai iya jurewa idan wayoyi suka haɗu aka samu shot.

Abin da ya fara burge ni shi ne, kafin injiniyansu ya ambaci farashi, sai da ya je ya karanta farantin da ke jikin taransifomarmu. Tamu mai kVA 500 ce (kVA shi ne ma'aunin ƙarfin taransifoma), tana sauke wuta zuwa bolt 415, kuma a cike tana bayar da amfiya kusan 695. Da yake turjiyar cikinta, wadda ke taƙaita yawan wutar shot, kashi 4 cikin 100 ce, ya nuna mana a takarda cewa idan shot ya auku a bakinta, wutar za ta iya kaiwa amfiya dubu 17 da 'yan kai, alhali ƙananan bireka, wato na'urorin da ke katse wuta idan ta yi yawa, irin na gidaje galibi dubu 6 ne iyakarsu. Saboda haka ya zaɓa mana babban bireka na Schneider Electric, jerin ComPact NSX mai harafin F, wanda ke katse har amfiya dubu 36.

Sai dai bai bar mu mun ruɗu da wannan babban adadi ba. Ya bayyana cewa ƙarfin bireka daban, ƙarfin fanel gaba ɗaya daban, domin sandunan tagulla da maƙalansu da kwantakta, wato makunnan da ke kunna injina da kashe su, duk za su sha bugun wutar kafin bireka ya katse ta, kuma mafi rauni a cikinsu shi ne ke yanke iyakar akwatin. A Amurka ma, tun 2005 dokar haɗa lantarki ta ƙasar ta wajabta rubuta wannan adadi a jikin fanel ɗin masana'antu, mu kuwa a nan an fi bin ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta haɗa fanel, IEC 61439. Injiniyan ya kuma haɗa kowane kwantakta da abin kariyarsa bisa jadawalin da masana'antar da ta ƙera su ta gwada, maimakon tsince-tsincen kaya a kasuwa, wanda a ganina shi ne ya fi komai daraja a aikin, ko da yake ya ƙara mana kuɗi.

Inda suka gaza shi ne takardu. Akwatin ya iso babu farantin da ke nuna adadin juriyarsa, kuma sai da muka yi ta kai-komo kafin suka kawo shi tare da zanen wayoyin. Wannan sakaci ne babba, domin duk ranar da muka canza taransifoma zuwa mai kVA 1000, wutar shot za ta haura sosai, kuma mai gyaran da zai zo a lokacin ba shi da abin dogaro sai wannan faranti.

Zan sake ba su aiki, amma a karo na gaba zan rubuta a yarjejeniya cewa ba za a biya cikon kuɗi ba sai farantin da takardar lissafin sun iso tare da akwatin.