Sharhi kan Kwas ɗin Koyon Tuƙin Tirela ga Mai Son Mayar da Tuƙi Sana'a

Na kammala kwas ɗin koyon tuƙin manyan motoci a wata makarantar horar da direbobi, kuma ra'ayina a kansa shi ne ya cancanci kuɗin da aka biya, sai dai ba ga kowa ba. Wanda ya zo domin ya koyi sana'ar da zai riƙe kansa da iyalinsa zai fita da abin da ya zo nema, har da ƙari. Wanda kuwa ya zo saboda ya ji ana cewa direban tirela ba shi da ubangida a kansa, ko saboda sha'awar ganin garuruwa ta tagar mota, makarantar za ta koya masa tuƙi yadda ya kamata, amma ba za ta yi saurin gaya masa cewa burinsa ya sha bamban da yadda aikin yake ba, kuma a nan ne babban ƙorafina yake.

Ajinmu ya tara mutane iri-iri, kuma sauraron dalilansu ya taimaka mini wajen auna makarantar. Akwai magidanta da aikinsu na baya ya tsaya, suna neman sana'ar da za a koya cikin makonni ko 'yan watanni maimakon shekarun da karatun jami'a yake ci. Akwai matasan da suka tashi suna ganin iyayensu a bayan sitiyari, waɗanda ƙugin injin dizal ya shiga jininsu tun suna ƙanana. Akwai mata, waɗanda har yanzu ba su da yawa a wannan aiki, akwai kuma masu burin tara jari su sayi motar kansu. Dalilin da ya haɗa kusan kowa shi ne tabbacin samun aiki, kuma dalili ne mai tushe, domin duk kayan da jirgin ruwa ya sauke ko jirgin ƙasa ya kawo, babbar mota ce take ƙarasawa da su ƙofar kanti da asibiti da gidan mai. An ga haka ƙarara a shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta kulle mutane a gida amma ƙasashe da dama suka bar direbobin kaya a kan hanya, sannan a watan Satumba na 2021 ƙarancin direbobin tanka, haɗe da rububin saye, ya sa gidajen mai da yawa a Birtaniya suka wayi gari a bushe alhali man yana nan jibge a ma'ajiya.

Inda makarantar ta fi burge ni shi ne darasin duba mota kafin tashi, musamman burkin iska. Malamin da ya ɗauke mu bai yarda ɗalibi ya taɓa giya ba sai ya iya zagaya motar yana nuna kowane abu da hannu, yana faɗin abin da yake nema a jikinsa: tsagewa a gefen taya, notin da ya sassauta har tsatsa ta zubo daga gindinsa, tiyon iska da ke gugar ƙarfe, ɗigon mai a ƙarƙashin inji. Daga nan sai a sa wa tayoyi waigi, a hau ciki, a cika tankunan iska, a kashe inji, a danne burki, a zuba wa agogon iska ido na minti guda a ga ko allurar za ta sauka. Bayan haka sai a riƙa taka burkin ana saki har jar fitila ta kama, ƙararrawa ta fara kuka, a ci gaba da takawa har maɓallin burkin tsayawa ya fito da kansa. A daidai wannan gaɓa ce malamin ya bayyana mana abin da direbobin ƙananan motoci da yawa ba su sani ba, wato iska ce take danne wasu manyan sifirin na ƙarfe a tayoyin baya, kuma da zarar ta zube za su saku su kulle tayoyin, ko da motar tana tsakiyar titi ne. Burkin iska a jirgin ƙasa ya samo asali, George Westinghouse ne ya yi masa rajista a Amurka a 1869, kafin daga baya manyan motoci su ɗauke shi. Mutumin da ya ga wannan gwaji da idonsa ba zai ƙara raina sautin iskar da ke zurarewa ba, kuma ba zai yi ƙyuyar buɗe tankuna ya zubar da ruwan da ke taruwa a cikinsu ba.

Darasin gangara ma ya yi armashi. A Tarayyar Turai nauyin tirela da lodinta kan kai tan 40, a manyan hanyoyin Amurka kuwa iyakar ita ce fam 80,000, kimanin tan 36, kuma irin wannan nauyi idan ya kama gangara ba ya jin rarrashi. An koya mana a zaɓi ƙaramar giya tun kafin a fara sauka, a bar inji ya riƙe motar, a taka burki sosai na ɗan lokaci a saki maimakon a ɗora ƙafa a kai har ƙasa, domin burkin da ya yi zafi fiye da kima ƙarfinsa raguwa yake yi daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. An kuma nuna mana amfanin burkin inji, wanda kamfanin Jacobs ya fara sayarwa a 1961, da haɗarin da ke tattare da shi a titi mai santsi idan motar ba ta ɗauke da kaya.

Ribas ne ya fi cin lokacinmu, kuma ya cancanci haka. Bayan tirela yana karkata ne akasin inda aka murɗa sitiyari, idan kuma aka yi jinkirin gyarawa sai kai da bodi su naɗe kamar gwiwar hannu. Malaman suna da haƙuri ƙwarai, ba sa ganin gazawar ɗalibin da ya tsaya ya sauko ya duba bayansa sau da yawa, a wurinsu ma wannan ce alamar direban da za a iya ba amanar kaya. Wajen haɗa kai da bodi kuwa ba sa yarda da ƙarar ƙullewa kaɗai. Sai ɗalibi ya durƙusa da tocila ya leƙa ya tabbatar bakin ƙarfen da ke farantin bayan kai ya rungume ƙusar da ke ƙarƙashin bodi, babu tazara tsakanin farantin da cikin bodi, sannan ya sa ƙaramar giya ya ɗan ja gaba da burkin bodin a kulle, kafin ya ɗage ƙafafun da bodin yake tsaye a kansu.

Duk wannan koyarwa ce mai kyau, amma ƙa'idojin awannin tuƙi, waɗanda su ne suke tsara rayuwar direba gaba ɗayanta, sai can kusan ƙarshen kwas aka kawo su, kuma aka koyar da su a matsayin alƙaluman da za a haddace don jarrabawa. A Tarayyar Turai, dokar da aka kafa a 2006 ta ƙayyade tuƙin yini a awa 9, ana iya kai shi 10 sau biyu a mako, da hutun minti 45 bayan kowace awa huɗu da rabi, kuma ba a wuce awa 56 a mako ko 90 a mako biyu. A Amurka direba yana tuƙa awa 11 ne cikin awa 14 bayan ya huta awa 10, kuma tun watan Disamba na 2017 na'urar da aka haɗa da inji ce take rubuta wa yawancin direbobi awanninsu. Waɗannan dokoki suna da dalili, domin gyangyaɗi a bayan sitiyarin tan 40 ba direban kaɗai yake halakawa ba. Sai dai ma'anarsu ga wanda ya zo neman 'yanci ita ce babu ubangida a kujerar gefe, amma akwai na'urar da ta san lokacin da ya tashi da lokacin da ya tsaya, akwai ofishin da ke bin motar ta tauraron ɗan adam, akwai kuma mai kaya da ke jiran lodinsa a kan lokaci. Da an faɗi wannan a ranar farko, da wasu sun yi wa kansu hisabi kafin su zuba kuɗinsu. Haka ma mai son ganin duniya, ya kamata a gaya masa cewa abin da zai fi gani shi ne kwalta da wuraren ajiye motoci da ƙofofin ɗakunan ajiya, kuma direban dogon zango yakan kwana a gadon da ke bayan kujerarsa fiye da yadda yake kwana a gidansa.

Batun kuɗi shi ma an taɓa shi ne sama-sama. Makarantar tana gayyato wakilan kamfanonin sufuri su yi wa ɗalibai bayani, wannan kuma taimako ne na gaske ga mai neman aikin farko, amma wakili aikinsa jawo direbobi ne, kuma ban ga an ware zama guda an bayyana mana bambancin biya da awa da biya da nisan tafiya ba. Direban da ake biya da nisa idan ya shafe rabin yini yana jiran a sauke kaya, sau da yawa wannan lokacin a kansa ya faɗi. Akwai kuma yarjejeniyar da kamfani ke biya wa mutum kuɗin horo da sharaɗin ya yi masa aiki na wani wa'adi, idan ya bari kafin lokacin ya cika ya biya bashin. Masu burin sayen motar kansu su ma sun fita ba tare da an zauna da su an lissafa mai da tayoyi da inshora da kwanakin da mota ke yi a gareji ba ta kawo komai ba.

Akwai wasu naƙasu guda biyu da mai shirin shiga ya kamata ya bincika kafin ya biya. Ɗalibai sun yi wa motocin yawa, don haka wani ɓangare na lokacin da aka rubuta a matsayin horon tuƙi a kallon wani yana tuƙi yake ƙarewa, kuma tuƙin dare da na ruwan sama kaɗan muka samu, alhali a cikinsu direba zai yi rabin rayuwarsa. Sannan yawancin motocin masu giya mai canja kanta ne. Gaskiya ne can masana'antar ta dosa, kamfanin Volvo ya fito da irin wannan giya mai suna I-Shift a 2001, wasu kamfanoni ma suna da nasu, amma a wasu ƙasashe, kamar Amurka, wanda ya yi jarrabawa da irin wannan mota ana rubuta masa a lasisi cewa ba zai tuƙa mai giyar hannu ba, wannan kuma yana rage masa ƙofofin aiki. Ina ba duk mai niyya shawarar ya nemi a rubuta masa awannin da hannunsa zai yi a kan sitiyari, ya tambayi irin motar da zai yi jarrabawa da ita, sannan idan da hali ya samu direban dogon zango ya bi shi tafiya ko sau ɗaya ce, ya ga jiran lodi da kwanan hanya da idonsa kafin ya sa hannu a takardar rajista.