Sharhi: Alamar ^ a npm tana da amfani, amma kada a bar ta ba kulle

Duk lokacin da ka rubuta npm install da sunan wani kunshi, npm, wato manhajar girka kunshin JavaScript, zai liƙa alamar ^ a gaban lambar siga cikin package.json, fayil ɗin da ke lissafa kunshin da manhajarka ke buƙata, ba tare da ya tambaye ka ba. A ganina tsarin yana da kyau, sai dai a kan amana aka gina shi.

Idan ka ga ^1.4.2, ka yarda ke nan da kowace siga daga 1.4.2 har zuwa ƙasa da 2.0.0, domin a ƙa'ida sai an canja lambar farko ake kawo sauyin da zai karya aiki. Ita kuwa ~1.4.2 ba ta kai 1.5.0 ba. Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne lambar da ta fara da sifili: ^0.2.3 tana tsayawa kafin 0.3.0, ^0.0.3 kuma 0.0.3 kaɗai take karɓa. Wannan ya yi daidai, domin kunshin da bai kai 1.0.0 ba bai yi wa kowa alkawarin tsayawa wuri ɗaya ba.

Matsalar ita ce mai kunshin ne ke zaɓen lambar da hannunsa. A Janairun 2022 aka fitar da kunshin colors 1.4.1 ɗauke da madaukin da ba ya ƙarewa, manhajojin da suka rubuta ^1.4.0 ba kulle (fayil mai riƙe ainihin sigar da aka girka) suka janyo shi kai tsaye, aiki ya tsaya cak. Kunshin TypeScript ma ba ya bin wannan ƙa'ida. A wurinsa, sauyin lambar tsakiya kan iya karya maka aiki, don haka ~ ta fi dacewa da shi, ko a rubuta lambar cif.

Abin da ya ceci tsarin shi ne kullen, wato package-lock.json, wanda ya zo da npm 5 a 2017. Ka saka shi cikin Git, inda ake adana tarihin fayilolin manhaja, kuma a kan sabar ka yi amfani da npm ci: yana share node_modules, inda ake ajiye kunshin da aka girka, ya girka ainihin abin da ke cikin kullen, in kuma kullen ya saɓa wa package.json ya ƙi ci gaba. Na fi son wannan ƙin fiye da komai a npm.

Ga mai wallafa kunshi domin wasu, kullensa ba ya bin kunshin zuwa wurin masu amfani. Shi ya kamata ya bar tazarar sigogin a buɗe, musamman a peerDependencies (kunshin da nasa ke bukatar ya tarar a wurin mai amfani), in ba haka ba tun daga npm 7 mutane za su riƙa cin karo da ERESOLVE, saƙon kuskuren da ke nuna saɓanin sigogi. Kafin kowane sabuntawa, npm outdated zai nuna maka sigar da kake kai, wadda tazararka ta yarda da ita, da kuma ta ƙarshe.