Gargaɗi ga masu sayen ƙwallon dusar ƙanƙara a Instagram

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara huɗu ke nan ina haɗa ƙwallon gilashin nan mai ruwa a ciki, wanda in ka girgiza sai ka ga kamar dusar ƙanƙara na sauka a kan ɗan gida ko bishiya. Amare na saye don ƙawata ɗaki, wasu kuma don kyauta. Abin da ya sami ƙanwata a watan jiya ne ya sa na kasa yin shiru.

Akwai wani shafi da ke tallar irin waɗannan, wai aikin hannu ne daga Biyena, babban birnin Ostiriya, har ana sa hoton ango da amarya a ciki. Sharaɗinsu a biya kuɗi duka kafin a aiko. Ƙanwata ta tura na guda uku ba ta yi shawara da ni ba, don tana so ta ba ni mamaki. Bayan mako biyar ɗan saƙo ya kawo kwali. Na roba ne ba gilashi ba, ɗaya ya tsiyaye a hanya, hoton kuma takarda ce kawai aka liƙa, tawadar ta narke ta rina ruwan. Da ta yi ƙorafi sai suka toshe ta. Yanzu sun sake suna, amma hotunan tallar su ne dai.

Na Biyena na gaske sananne ne. Wani maƙerin kayan tiyata mai suna Erwin Perzy ne ya faro shi wajajen 1900. Ƙarin hasken ƙwan lantarki yake nema, sai ya gwada ƙwallon gilashi cike da ruwa irin wanda masu ɗinkin takalma na wancan zamanin ke ajiyewa gaban kyandir don ƙara haske, ya zuba tsakin alkama a ciki, ya ga yana sauka a hankali tamkar dusar ƙanƙara. Abin da ya fara sakawa a ciki shi ne siffar cocin garin Mariazell da ke Ostiriya. Har yau zuriyarsa ce ke riƙe da masana'antar a birnin, da hannu suke fentin siffofin, kuma sirrin haɗin dusarsu bai fita daga gidan ba. To ku duba: gilashi cike da ruwa, ya taso daga Turai, a biya kuɗin jirgi da na kwastan, sannan a sayar da shi a farashin kwalin sabulu? Wallahi ba ya yiwuwa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ma ba kuɗin ba ne, ruwan cikin ne. Mu masu wannan sana'a tataccen ruwa muke zubawa, da ɗan gilisarin don ƙyalƙyalin ya riƙa sauka sannu a hankali, mu rufe bakin da gam mai hana yoyo, mu kife shi kwana biyu mu tabbatar. Wasu na kasuwa kuwa ana zuba musu sinadarin hana daskarewa, irin na lagireton mota. Yana da zaƙi a baki, kuma yana lalata ƙoda. Ɗan ƙanwata mai rarrafe ne, kuma a kan darduma abin ya tsiyaye. Allah ne ya tsare. Ba mai sayarwar da ya gaya mata abin da ke ciki, don haka na ce ta zubar da duka ukun.

Kafin ki tura ko sisi, ki ce a nuna miki kayan ta kiran bidiyo, a girgiza a gabanki. Mai kyau ruwansa garau yake, dusar na daɗewa tana yawo, ba ta faɗo lokaci guda kamar yashi ba. Ki tambayi abin da aka zuba a ciki. In sunan asusun banki ya saɓa da na shafin, ki janye.

Wadda kuma ta riga ta biya, ta adana rasit da hotunan hirarsu, ta sanar da bankinta nan take, ta kai ƙara hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC. Mu mun kai tamu, kuma muna neman sauran waɗanda aka cuta don mu haɗa shaidu wuri guda.