Littafin hannu ko na waya: amsa ga ɗalibar aikin jinya da kuɗin littattafai ya fi ƙarfinta

Ƙanwata, kin ce kin samu gurbi a makarantar koyon aikin jinya, an miƙa miki jerin littattafan da ake so ki zo da su, kin kewaya shaguna kin taras kuɗinsu ya zarce abin da iyayenki suka tanada nesa ba kusa ba. Tambayarki ita ce ko ki nemi tsofaffin littattafai a hannun ɗaliban da suka gabace ki, ko kuwa ki haƙura da takarda ki dogara da waɗanda ake karantawa a waya. Allah Ya sanya albarka a karatun. Amsata ita ce kada ki yanke wa jerin duka hukunci ɗaya, domin littattafan da ke cikinsa ba jinsi ɗaya ba ne. Akwai wanda iliminsa ba ya tsufa, akwai kuma wanda tsohon bugunsa zai koya miki abin da asibiti ya daina yi tuntuni.

Dalilin tsadar ba ɓoyayye ba ne. Manyan littattafan da makarantunmu suke dogara da su, irin su Ross and Wilson na sanin sassan jiki da aikinsu, da Brunner and Suddarth na jinyar masu ciwo da waɗanda aka yi wa tiyata, da Myles na ungozoma, kamfanonin ƙasashen waje ne suke buga su, wato Elsevier da Wolters Kluwer, kuma da dala ko fam ake shigo da su. Kafin watan Yunin 2023 dala ɗaya tana wajen Naira 460 a farashin gwamnati, amma bayan an saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa, sai ga dala ta haura Naira 1,500 a farkon 2024. Mai shago bai ƙara wa littafin ko shafi ɗaya ba, kuɗinmu ne ya faɗi. Saboda haka kada ki zauna jiran ranar da farashin zai koma yadda yayyenki suka saya.

Littafin hannu, wato wanda wata ɗalibar ta gama amfani da shi, babban alherinsa shi ne zama a gabanki a kowane lokaci. Ba ya buƙatar caji, ba ya buƙatar data, kuma idan an ɗauke wuta a ɗakin kwanan ɗalibai, ƙaramar fitila ta ishe ki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a watannin farko, musamman a makarantun da suke bin tsarin PTS, inda ake yi wa sababbin ɗalibai jarrabawar tankaɗe da rairaya bayan kimanin wata shida, wanda ya faɗi kuma ya koma gida. A cikin waɗannan watanni darasin da ya fi wahalar da ɗalibai shi ne na sassan jiki, kuma darasi ne na kallo da zane. Za ki buɗe hoton zuciya, ki bi jini da yatsa daga ɗakin dama na sama zuwa na ƙasa, zuwa huhu, ya dawo ta hagu, sannan ki rufe littafin ki zana shi da kanki har sai hannunki ya haddace. A fuskar waya, kafin ki buɗa hoton yadda za ki iya karanta sunan jijiya, sauran zuciyar ta fita daga allon, kuma bayanin da ke bin hoton yana wani shafi dabam. Wannan shi ya sa nake ganin idan littafi ɗaya kawai za ki iya mallaka na takarda, to ya zama na sassan jiki.

Kuma a nan ne tsohon bugu ba ya cutarwa. Ross and Wilson ya fara fitowa a 1963, bugu na 14 ya fito a 2022, amma ƙasusuwan babban mutum 206 ne a kowane bugu, kuma yadda ƙoda take tace jini bai sauya ba. Abin da sabon bugu yakan ƙara shi ne gyaran hotuna, da sauya tsarin babi, da wasu tambayoyin bita. Wahalar da za ki sha ba ta wuce malami ya ambaci lambar shafi ki taras taki ta bambanta ba, sai ki nemo batun ta fihirisar ƙarshen littafin. Kafin ki biya, ki duba abu uku da idonki: ko hotunan masu launi ne, ja da shuɗi sun fito sosai, ko fihirisar tana nan ba ta yage ba, sannan ki riƙe littafin ta bango ki girgiza shi kaɗan, domin wanda ɗinkinsa ya saki zai fara zubar da shafuka tun kafin ki gama zango na farko. Layukan da mai shi ta farko ta ja da biro ba aibi ba ne, sau da yawa ma su ne suke nuna miki inda malamai suke yawan ɗauko tambaya. Lokacin saye mafi sauƙi shi ne bayan 'yan ajin ƙarshe sun gama jarrabawar Kansul, wato ta Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, suna haɗa kayansu, ba makon da sababbin ɗalibai suka shigo kowa yana nema ba.

To amma wannan littafin hannun da na yaba, shi ne kuma mai haɗari idan aka zo kan magunguna, da aikin ungozoma, da taimakon gaggawa. Tun 2005 Najeriya ta bar kulorokwin a matsayin maganin farko na zazzaɓin cizon sauro ta koma kan haɗin magungunan da ke ɗauke da atemisinin, kuma zuwa 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita allurar atesunet a kan kwinin ga zazzaɓi mai tsanani, ga manya da yara. A 2010 aka sauya jerin matakan farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya a ƙa'idar Amurka, aka gabatar da danna ƙirji a kan buɗe hanyar iska da hura numfashi. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga yawan zuwa awon ciki daga sau 4 zuwa sau 8, a 2017 kuma ta ba da shawarar a yi wa matar da ke zubar da jini bayan haihuwa allurar tranexamic acid cikin awa 3 da haihuwar, bayan wani babban gwaji da asibitocin Najeriya suka shiga. Ɗalibar da ta haddace littafin ungozoma da aka buga kafin waɗannan shekaru za ta rasa maki a jarrabawa, wannan kuwa shi ne mafi sauƙin asarar, domin wata rana ita ce za ta tsaya a kan mai jego da tsakar dare babu likita a kusa. Wannan ne ya sa ba na son in ga ana yi wa ɗalibai kyautar tsofaffin littattafan magunguna ba tare da an duba shekarar bugunsu ba, komai kyan niyyar mai bayarwa.

A daidai wannan wuri waya ta fi takarda, kuma ba sai kin taɓa haƙƙin kowa ba. Ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya kyauta ake sauke su daga shafinta, haka ma ƙa'idojin da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa suke fitarwa a kan cututtuka irin su zazzaɓin Lassa da sanƙarau da kwalara. Akwai kuma cikakkun littattafai da aka rubuta musamman domin a raba su kyauta. Shirin OpenStax na Jami'ar Rice a Amurka yana da littafin sassan jiki mai shafi sama da 1,000, kuma a 2024 ya fitar da jerin littattafan aikin jinya da suka haɗa da tushen aikin, da ilimin magunguna, da jinyar uwa da jariri. Shirin Open RN na jihar Wiskonsin shi ma yana da nasa. Ki sauke su sau ɗaya a inda intanet yake da ƙarfi, ki ajiye a katin waya, daga nan ba sa cin data. Ga kuma sauƙin bincike: idan kina fostin, wato an tura ki koyon aiki a ɗakin marasa lafiya, aka ambaci sunan maganin da ba ki sani ba, cikin daƙiƙa kaɗan za ki same shi, alhali Brunner mai shafi sama da 2,000 ba ya shiga aljihun yunifom.

Sai dai waɗannan littattafan kyauta an rubuta su ne domin ɗaliban Amurka, kuma dole ki karanta su da wannan a ranki. Abin da muke kira parasitamol su acetaminophen suke ce masa, adirenalin kuma epinephrine, sau da yawa kuma zafin jiki da ma'aunin Farenhait suke rubuta shi alhali ma'auninmu Salsiyos ne. Ƙa'idar Amurka ta 2017 ta mayar da farkon hawan jini 130 bisa 80, amma Hukumar Lafiya ta Duniya tana nan a kan 140 bisa 90. Cututtukan da za su cika miki gadaje a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, wato zazzaɓin cizon sauro, da sikila, da tamowa, da jijjigar masu ciki, da yoyon fitsari, wasunsu a taƙaice suke zuwa a can. Saboda haka duk inda littafin waya ya saɓa wa bayanin malaminki ko littafin ayyukan makarantarku, ki bi na makaranta, domin manhajar Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya ce ake bi wajen jarraba ki, a rubuce da kuma a aikace. Wata matsalar wayar kuma kowa ya san ta: littafin da WhatsApp suna zaune a allo ɗaya, kuma wasu sistoci ba sa yarda su ga ɗaliba da waya a hannu a gaban maras lafiya, ko da karatu take yi.

Akwai hanya ta uku da za a yi miki tayinta ko ba ki nema ba, wato bugun sata da kwafin manyan littattafai da ake turawa ta waya ko a buga a shagon fotokwafi. Ba na ba ki shawarar ta. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta hana, sannan kayan kansu ba su da amana: hoton da aka yi da launi yakan fito baƙi ƙirin ta yadda ba za ki bambance jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya da mai mayar da shi ba, wani lokaci kuma ɗigon da ke tsakanin lambobi yakan ɓace, 0.5 ya koma kamar 05 a jadawalin magani. Idan sabo kike so a farashi mai sauƙi, ki tambayi mai shago bugun da kamfanonin da kansu suke yi domin kasuwar Indiya da sauran ƙasashe masu tasowa, mai bango mai laushi da takarda marar kauri, wanda halattacce ne kuma ya fi na Ingila da Amurka araha.

Da ni ce a matsayinki, ga yadda zan kasa kuɗin. Ba zan sayi komai ba sai na yi mako biyu a aji na ji littafin da malamai suke ambata da gaske, domin jerin da ake bayarwa yakan haɗa na shekara uku a takarda ɗaya, kuma wanda ba za a buɗe ba sai aji biyu ba shi da dalilin cin kuɗin bana. Zan sayi Ross and Wilson na hannu, da ƙaramin ƙamus na ma'aikatan jinya irin na Baillière, da littafin ayyukan makaranta wanda shi ba makawa sabo za a saya. Brunner kuwa zan nemi abokan ɗaki uku ko huɗu mu yi karo-karo, tunda sau da yawa juzu'i biyu yake zuwa, mu rubuta yarjejeniyar wanda zai riƙe shi da yadda za a raba kuɗin idan an sayar, tun kafin a biya, domin rigimar littafin haɗaka a makon jarrabawa take tashi. Magunguna da ƙa'idojin jinya zan bar wa waya, ina duba shekarar kowace takarda kafin in haddace ta. Sannan ki je ɗakin karatu na makarantarku tun makon farko ki gaisa da mai kula da shi, ki tambaye shi wane bugu na Myles suke da shi, kwana nawa ake ba da aro, da kuma ko makarantar ta yi rajista da shirin Hinari, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara a 2002 domin cibiyoyin lafiya na ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi su riƙa karanta mujallu da littattafan manyan kamfanoni kyauta ko a farashi kaɗan. Idan sun yi, shi ne zai nuna miki yadda ake shiga.