Saitin fitilun waje mai bolt 12: fitilun sun yi, mahaɗin waya ne bai yi ba

Ga wanda bai taɓa aikin wuta ba kuma yana son haska bangon jan bulo da dare, wannan saitin ya fi dacewa. Yawanci a kwali za ka tarar da taransifoma mai wat 60, fitilun LED shida masu wat 5, waya, da idon da ke kunna su da magariba. Taransifomar tana sauke wutar gida zuwa bolt 12, don haka ko yaro ya taɓa wayar a tsakar gida ba za ta ja shi ba.

Kafin ka biya kuɗi, juya taransifomar ka karanta bayanta. Wadda aka yi wa kasuwar Amurka bolt 120 take sha, tamu kuwa 230 ce. Kana jona ta za ta ƙone. Fitilun kuma su zama masu lambar IP65, wato waɗanda ƙura da feshin ruwa ba sa shiga, saboda ruwan damina. Shida sau wat 5 ya ba da 30, to akwai sauran wuri, amma kada ka ɗora wa taransifomar fiye da wat 48.

Haskensu a kan bulo yana da kyau ƙwarai, muddin ka zaɓi mai ruwan ɗorawa, wato mai lambar launin haske 2700K ko 3000K. Fari fat na 6000K yana kashe jan bulo, ya mai da shi kamar toka. Kafa fitila tazarar santimita 20 zuwa 30 daga bango, ka ɗaga kanta sama. Nan ne kowane layin siminti ke fitowa da inuwarsa. Ka gwada da dare tukuna, wayar na shimfiɗe a ƙasa, kafin ka haƙa komai.

Wajen rataye taransifoma, huda layin simintin da ke tsakanin bulo da bakin huda mai milimita 6, ka sa fisha, wato robar da ke riƙe sukuru a rami, sannan ka ɗaura sukuru. Bulon kansa yakan tsage idan an huda kusa da gefe, kuma ba ya gyaruwa; siminti kuwa sai a sake cike shi. Idon kada ya kalli fitila, in ba haka ba sai ta riƙa kunnawa tana kashewa.

Inda saitin ya gaza shi ne mahaɗin roba mai haƙori da ke cizon waya. Damina ɗaya ta ishe shi: ruwa ya shiga, tagulla ta yi kore, fitila ta fara kyaftawa. Cire su tun ranar farko, ka sa mahaɗi mai maiƙo a ciki wanda ruwa ba ya ratsawa. Wayar kwalin ma siririya ce. Idan nisa ya wuce mita 15, fitilar ƙarshe za ta dushe. Sayi mai kauri, mai lamba 2.5 mm², ka zura ta a bututun roba saboda ɓera da bakin fartanya, ka binne zurfin santimita 15.

Lokacin hunturu ƙura tana rufe gilashin da idon, sai a goge da ɗanyen tsumma duk mako biyu.