Wuni Ɗaya a Santorini, Inda Kallo Ya Fi Kaya Tsada

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali da mutanen shago. A gaida min Hajiya, a ce mata mun dawo Jamus lafiya, ruwan da take jin tsoro bai ci mu ba. Ka ce in na dawo in ba ka labarin kasuwa, kada in cika ka da hotuna, to ga na tsibiri ɗaya cikin waɗanda jirgin ruwan yawon buɗe ido da muka shiga ya tsaya, Santorini na ƙasar Girka.

Jirgi bai matsa gaɓa ba. Ya tsaya tsakiyar ruwa, a ramin da aman wutar dutse ya bari shekara wajen 3,600 da suka wuce, ƙananan jiragen mutanen garin ne suka zo suna kwasarmu rukuni-rukuni. Tun kafin ƙafata ta taɓa ƙasa an riga an cire mana yuro 20 kowane kai, harajin da gwamnatinsu ta sa wa fasinjan irin wannan jirgi tun 2025 a watannin cunkoso. Sun kuma ƙayyade cewa kada masu sauka su wuce 8,000 a rana, a tsibirin da mazaunansa ba su fi 15,000 da 'yan kai ba. Ka ƙiyasta a ce kullum safiya a juye wa Kantin Kwari rabin yawan mutanen da ke cikinta, kowa da kuɗi a aljihu, kuma kowa dole ya tafi kafin magariba. Duk ɗan kasuwar tsibirin ya san lissafin nan, a kansa yake sa farashi.

Garin Fira yana can ƙolin dutse, sama da mita 200 daga bakin ruwa. Ko ka shiga keken da ake ja da waya, minti uku kana sama, yuro 10 tafiya ɗaya, ko ka taka matakala kusan 600, ko ka hau jaki. Jaki fa, Yaya, irin wanda muke ɗora wa mangalar taki zuwa gona, nan an rataya masa duwatsun ado da ƙararrawa, Turawa na biyan kuɗi suna hawa suna dariya. Galibinsu ma alfadarai ne. Tun 2018 an hana ɗora musu wanda ya haura kilo 100, don haka kai in ka zo sai dai keke. Mu ma layin keken muka bi, minti arba'in a rana, amma ba wanda ya yi yanke, ba wanda ya zo ya ce ya san mai tikiti.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yadda abu ɗaya ke da farashi biyu a tsakanin taku ashirin. A gidajen shayin da ke bakin dutse, inda kake zaune teku na ƙarƙashinka, na ga an rubuta kofin kofi yuro 7. Muka ratsa lungu ɗaya zuwa bayan gari, inda direbobi da masu shara ke karyawa, kofin nan dai bai kai rabin haka ba, kuma ya fi zafi. Maman yara ta ce ai ba kofi suke sayarwa a can ba, kujera ce. Gidajen ma farar ƙasa ce kawai suke shafawa da shuɗin fenti a ƙofa, wasu ɗakunan a jikin dutse aka fafe su, waɗanda da talakawan matuƙan jirgi ne ke kwana ciki. Yau su ne ɗakunan baƙi mafi tsada.

Na gwada ciniki don kada in ji kunyarka. Wata dattijuwa mai sayar da tsaraba ta ce yuro 4 kowane ɗan maganaɗisu na liƙawa a firji, na taya uku a kan 8. Ta dube ni kamar na nemi aron shagon, daga baya ta yi dariya ta rage min yuro ɗaya. Ba albarka, ba "ƙara dai Alhaji", ba kiran mutum in ya juya baya. Da na kifa abin sai na ga a Chaina aka yi shi, wataƙila layi ɗaya da inda kake saro kayanka. Sai dai ta miƙo min rasit ban tambaya ba, kuma a bango an manna sanarwa cewa in ba a ba ka rasit ba, ba dole ka biya. Har mai sayar da ruwa a ɗan kiyos sai da ya buga min takarda.

Batun ruwa zai ba ka mamaki. Tsibirin ba kogi, ruwan sama kaɗan ne, da a rijiyoyin siminti suke tara na damina kamar yadda ake yi a wasu garuruwanmu, yanzu kuma ruwan teku suke tacewa. Na famfo ana wanka da shi, amma kowa na roba yake sha. Duk da haka ƙaramar roba ba ta kai yuro ɗaya ba a kiyos, saboda gwamnati ta sa mata iyaka. Na tuna yadda 'yan garuwa ke ninka kuɗin jarka a unguwarmu da zarar watan azumi ya faɗo cikin zafi.

Mun hau bas zuwa ƙauyen Oia, su suna furtawa Iya, har na ce wa maman yara yau za mu gaida Iya. Tafiyar kamar kilomita 11 ce, yuro 2 da 'yan kai, mota mai sanyi, kwandasta na bi kujera-kujera yana yankan tikiti. Masu jirginmu sun so su kai mu wuri guda ɗin nan a kan kuɗin da ya ninka haka sau ashirin da wani abu. A hanya na ga gonakin inabi, ba a kafa musu sanda, nannaɗe itacen suke yi a ƙasa kamar gammo, 'ya'yan na ciki, don iska kada ta kakkaɓe su. Ba ban-ruwa, raɓar dare da tokar dutse ke riƙewa ita ce abin shansu.

Abinci sai da lura. Naman da suke gasawa a tsaye suna yankowa cikin gurasa yawanci alade ne, akwai na kaza, amma na ga wuƙa ɗaya ke zagaya duka biyun, sai na haƙura. Muka ci wani abu kamar ƙosai da ake yi da tumatir da albasa da na'ana'a, da wani wake rawaya da suke dafawa ya yi laushi su kwarara masa man zaitun. Tumatirin nasu ƙanana ne, ba su kai goro ba, ga zaƙi. Sun yi masa rajista da sunan tsibirin, suna busarwa, suna zubawa a kwalba, suna sayar wa baƙo da tsada. Raina ya je Kwanar Gafan lokacin kaka, kwanduna jibge a rana ana roƙon mai saye. Burodin da suka ajiye mana ba mu nema ba, ashe shi ma yana cikin lissafi. Banɗaki kuwa fes, sai dai ba buta, kuma ba a jefa takarda a masai, kwando ake sa ta saboda bututunsu sirara ne. Robar ruwan nan ta yi aiki biyu.

Ƙaramin jirgi na ƙarshe biyar da rabi zai tashi, kuma wanda ya fita yawo da kansa ba a jiransa, sai dai ya nemi hanyar cim ma jirgi a tasha ta gaba da kuɗinsa. Ƙarfe huɗu muka iso layin keke, muka tarar ya zagaye lungu uku. Muka bi matakala. Dutsen ya sha ƙafa har yana santsi, ga kashin jakai, ga su kansu suna haurowa a guje ba ruwansu da mutum, sai ka manne da bango. Maman yara ta cire takalmi ta riƙe a hannu tana salati har ƙasa. Azahar da la'asar sai a ɗakinmu na jirgi muka haɗa.

Akwai kwalbar busasshen tumatir biyu da man zaitun lita ɗaya na Hajiya, zan bayar a kawo in an samu mai zuwa gida. Maganaɗisun uku na yara ne, ka duba bayansu ka faɗa min nawa kake samun dozin.